Telan da Ya Ɓoye Mini Bayana

Zuwa gare ka, sanyin idaniyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randata mai kashe ƙishi, mijina, uban 'yata, kuma telana,

Ina yi maka sallama irin ta mai ƙauna, da gaisuwa 'yar gajeriya, domin ƙirjina ya daina ɗaukar doguwar gaisuwa. Da a da ne, da sai in jero maka kirari har ka ce in bari haka nan kada kanka ya kumbura. Yanzu kuwa biro na ara ya yi mini magana, tunda shi ba ya haki. Daga ɗakin Yaya nake rubuto maka, ina zaune a kujerar katako don an hana ni mai laushi, rigar da ka aiko mini kuma ga ta nan a kan tabarma, an farke ta da almakashi tun daga wuya har ƙugu. Ka aiko a tambaye ni yaushe zan koma ɗakina. Wayyo masoyina! Ni ma kullum tambayar da nake yi wa kaina ke nan, kuma ban san ko zan koma ba sai na ji daga bakinka.

Ka tuna makon farko da aka kawo ni gidanka? Ka shigo da tef ɗin awo rataye a wuya, ka rantse cewa muddin kana raye babu telan da zai sake taɓa yadin matarka. Ka tsayar da ni a tsakar ɗaki, ka zagaya tef a ƙirjina, ka ce in ja numfashi, sannan ka ce in sake shi. Na tambaye ka wannan kuma wane irin iyayi ne, sai ka ce telan ƙwarai sau biyu yake auna ƙirji, a cike da kuma a sake, don riga ta bar wa mai ita wurin shan iska. Ni kuwa dariya ta ƙi barina, tef yana ta zillo a hannunka, har ka dafe kai ka ce, “Doguwata, wannan ƙirji naki idan kin ja iska yatsa uku yake ƙarawa. Ta yaya bawan Allah zai yi miki awo?” Kaico! A ranar na ɗauka babu macen da aka taɓa sani kamar yadda za ka san ni, kuma ban yi kuskure ba. Ka san jikina fiye da yadda na san shi, abin da ka yi da sanin ne yake ƙona mini rai.

Ciwon ya shigo mana a hankali, kamar yadda gara take shiga ƙyaure. Da safe in tashi ƙuguna a sanƙare, sai na yi shara na ɗora ruwa kafin ya sake ni. Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce ai duk macen da ta haihu haka take. Kai kuma ka sayo man zafi, kana murza mini baya da waɗannan hannayen naka masu ƙanshin sabon yadi, kana ba ni haƙuri. Riguna kuwa ba su fasa zuwa ba, kowace ta fi 'yar'uwarta kyau. Mata su tare ni a hanya suna tambayar wa ya yi mini ɗinki, ni kuma in ɗaga hanci in ce maigidana ne, ba ya karɓar aikin kowa sai ya gama nawa.

Ashe bayana ranƙwafawa yake yi, kai kuma kana bin sa da alli da almakashi! Ka riƙa ƙara tsawon riga ta baya kana rage na gaba don bakinta ya zauna daidai. Ka ɗaga wuyanta, ka cusa soso a kafaɗa, ka yi tattara a baya yadda yadi zai zubo ya rufe abin da ke tasowa. Idan na zo gwaji ka dafa kafaɗuna ka tsayar da ni gaba da gaba da madubi, ba ka taɓa bari na juya na kalli kaina ta gefe ba. Ni kuwa sakarya, na ɗauka so ne ya hana ka cire hannu daga jikina. Na san haka sana'arku take, mai tumbi ku ɓoye masa tumbi, mai kafaɗa a karkace ku daidaita masa ita. To amma ni mai kawo ɗinki ce, ya hasken ɗakina? Ni ba matarka ba ce?

Daga baya numfashi ya fara yi mini rowa. In hau matakala in tsaya a tsakiya kamar na manta wani abu a ƙasa. In ɗauko bokiti daga famfo in sauke shi a hanya. Surar da nake karantawa a salla tun ina yarinya ta koma sai na yanka ta gunduwa-gunduwa. Na faɗa maka, ka ce gajiya ce, ka ce in kwanta in huta, ka ƙaro mini matashin kai. Da ba don Yaya ta zo mana kwana ba, ta gan ni na fito daga wanka da ɗaurin ƙirji, da har yau ina nan ina hutawa. Ta saki kofin da ke hannunta ta ce, “Innalillahi! Ke, yaushe bayanki ya koma haka?” Na ce ya koma yaya? Ta ja ni gaban madubi ta juya ni ta gefe. Gaskiyar masu magana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai dai ni a ranar ce na fara ganin nawa.

Kana wurin a asibiti, don haka ba sai na tuna maka komai ba, amma zan tuna maka, domin ni ba ni da hanyar mantawa. Aka ɗauki hoton ƙashin bayana. Aka matse mini hanci da wani ɗan abu, aka sa mini bututu a baki, ma'aikaciyar jinya tana ta cewa, “Busa, Hajiya! Ƙara! Ƙara!” Ni kuwa na riga na ba ta duk abin da nake da shi. Sai likita ya buɗe aljihun tebur ya zaro tef, ruwan ɗorawa, irin naka sak. Har na yi murmushi na waiwaye ka, kai kuwa kanka yana ƙasa. Ya ce in ja numfashi iya ƙarfina. Na ja har idona ya kawo ruwa, tef ɗin bai motsa ko faɗin yatsa ɗaya ba.

Ya faɗi sunan ciwon da Turanci, suna mai tsawon da ko zan kwana ina gwadawa numfashina ba zai kai ƙarshensa ba. Sannan ya yi mana bayani da harshen mutane. Ya ce gaɓoɓin ƙashin bayana ne suke haɗewa suna zama sanda ɗaya, haƙarƙarin da ke jingine da su kuma sun daskare, shi ya sa ƙirji ya daina buɗewa. Huhuna, in ji shi, da sauran lafiyarsa, ɗakin da yake ciki ne ya ƙi faɗaɗa. Ya tambaye ni tun yaushe abin ya kai haka, na ce wallahi ban sani ba. Sai na ji muryarka a bayana, ƙasa-ƙasa: “Tun da aka yaye 'yarmu, likita. Tun lokacin tef ya daina motsi.”

'Yarmu da yanzu take rubuta sunanta da kanta! Duk waɗannan shekaru kana zagaya tef a ƙirjina kana cewa in ja in sake, kana ganin bai motsa ba, sai ka sumbaci goshina ka tafi shago ka yanka yadi. Ina ka kai wannan magana, ya abokin sirrina? A wane aljihu ka ajiye ta har ka iya cin abinci da ni, ka iya yin dariya da ni? Likita ya cire tabarau ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, da mun zo a lokacin da magani da motsa jiki sun rage wa ciwon gudu, amma abin da ya riga ya haɗe ba ya rabuwa. Kai kuwa ka miƙe ka ce za ka ɗan fita, ka bar ni da Yaya.

Da ka zauna da ka ji sauran. Ya ɗora hannuna a kan cikina ya ce in lura da yadda yake tashi yana sauka. Ya ce tunda ƙirji ya kulle, da ciki nake numfashi yanzu, shi ne ƙofa ɗaya da ta rage mini. Kada in yi ɗamara, kada in sa abin da zai matse shi, kada in zauna kusa da hayaƙi, kada in yawaita kwanciya, in yi ta tafiya ko da ba na so. Ya ce abin da ya rage zai ishe ni rayuwa idan na yi tattalinsa. Duk wannan ba ka ji ba, kana waje kana kunyar likita. Daga can na bi Yaya gidanta, don na kasa haɗa ido da kai.

Na zauna ina jiran sallamarka a ƙofa, sai ga leda an kawo. Kai ba ka zo ba, ɗinki ka aiko ya ba ni haƙuri. Kuma tsakani da Allah ba ka taɓa yin riga kamarta ba: koriya shar kamar ganye bayan ruwan sama, ga wani shafi mai tauri da ka sa mata daga ƙarƙashin ƙirji har ƙugu, da igiyoyi a baya da za a ja su ɗaure mutum ya miƙe. So hana ganin laifi! Ni da na ji gargaɗin likita da kunnena, ni ce na lallaɓa na saka ta Yaya tana kicin, na ja igiyoyin da kaina. Na kalli madubi ta gefe na ga matar da ka aura. Daɗi ya ɗebe ni, na ce bari in taka zuwa kantin bakin layi a gan ni.

Ban kai ba. Na buɗe baki ina neman iska, ƙirji ya ce ba shi da ita, ciki ya ce an ɗaure shi. Na ji kunnena yana ƙara, titi ya yi duhu da rana tsaka, na zube a gindin katanga. Mai kanti ne ya ƙwala wa Yaya kira, ta fito da almakashin kicin ta farke aikinka a gaban jama'a, ta rufa mini mayafinta. Da na farfaɗo abin da na fara ji shi ne muryarta tana cewa: “Wannan miji naki so yake ya kai ki kabari a miƙe.”

Maganarta ta kwana ta tashi da ni. Don wa ka ɓoye, ya rabin raina? Don kada in ji tsoro, ko don kada a ce matar tela ta yi doro? Ni ka tausaya wa, ko allon da ke saman shagonka? Na ɗauki rigar na duba ta ciki, na ga shafin da hannu ka ɗinke shi, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero, na san ka daɗe a kansa, na san kana yi kana hawaye. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da mugunta ce da na huta, in tsane ka in kama gabana. Amma ƙauna ce, ƙaunar da ta gwammace ta gan ni da kyau a kan ta gan ni da rai. Yaya ta ce in haƙura in rabu da kai, na ce mata ba zan iya ba, ta ce to Allah ya shirye ni.

Ga abin da nake roƙo, ba shi da yawa. Ranar Talata da safe zan koma asibiti a sake sa ni busa. Ka zo da ƙafarka, hannu biyu, ba leda. Zan sa tsohuwar doguwar rigar Yaya, wadda ka taɓa cewa buhu ya fi ta fasali, kuma duk wanda ke titi zai ga bayana yadda Allah ya mayar da shi. Ka jera da ni a haka. Ka shiga ɗakin likita ka zauna har ya gama, ko da maganarsa za ta yi maka ɗaci, ka koyi motsa jikin da za ka riƙa taya ni. Daga ranar kuma duk abin da idonka ya gani a jikina, bakinka ya faɗa mini kafin hannunka ya taɓa yadi. Idan ka yi haka, daga asibiti gida za mu wuce. Idan kuwa ba za ka iya tafiya kusa da mace mai doro ba, ka faɗa mini da baki, kada ka ɗinka mini amsa.

Zan tsaya a bakin ƙofar asibiti, ta gefen da masu jira suke zama. Kada ka ɗaga mini hannu daga nesa, ba zan gani ba, wuyana ya daina yarda in ɗaga kai in hango mai zuwa. Ƙasa nake kallo yanzu. Sai ka matso har gabana, takalmanka zan fara gani, kuma ko cikin takalma dubu na san su.

Taka ce ni, a miƙe ko a ranƙwafe, ko ka zo ko ba ka zo ba, har ranar da wannan ɗan numfashi zai koma ga Mai shi,

Matarka.