Ƙorafin da Ban Rubuta Ba

Zuwa ga Yaya Zainul Abidin,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya sa a gama karatu a dawo gida cikin nasara. Inna Kulu ta ji sauƙin ƙafar, har ta je suna Tafashiya ranar Asabar. Ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa.

Yaya, maganar shafinmu na manoma na intanet ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba ka bari in kai ƙarshen zance. Ka san aikin sa-kai ne, kowa na iya sa hannu, kuma ƙa'idarmu ita ce duk mai ƙorafi ya rubuta a zauren aikinmu na intanet inda kowa zai gani. Wata bakwai ina haɗa kan mutum goma sha ɗaya don a sake wa shafin fasali, in bi wannan, in lallashi wancan. Da ka kawo tsarinka mai manyan hotuna, na tafi Bauranya takanas na gwada a wayar wani manomi, Malam Sada. Muka sha fura muka ɗauraye kwano, bai buɗe ba. Na ji nauyin in kushe aikin yayana a gaban baƙi, sai na kira ka a keɓe. Ka yi dariya, ka ce a wurinku nan take yake buɗewa, in bar maka.

Na bar maka. Muka saki sabon shafin daidai lokacin da mutane ke neman bayanin sa taki. Malam Sada ya tare ni a kasuwar Kankia, ya ce da can ko a gona yana dubawa, yanzu sai farin allo. Abokan aiki suka bincika zaure, ba su ga ƙorafina ko ɗaya ba, suka ce mai jagoranci ba ta yi gwaji ba. Ranar Juma'a za su yanke shawarar karɓe aikin daga hannuna.

Kana zauren, ka karanta komai, ba ka ce uffan ba. Wallahi wannan ya fi mini ciwo. Ka rubuta musu gaskiya da hannunka kafin Juma'a. Ni dai har gobe ba zan iya kiran sunanka a can ba, kuma ka san haka, shi ya sa ka yi shiru.

Ka gaishe da Anti Kamila da Abdullatif. Inna na gaishe ka, ban faɗa mata ba.

Ƙanwarka,
Ummusalma