Taraktoci a Kwarinmu

Naƙab, 3 ga Fabrairu

Ɗana Awwad,

Bayan gaisuwa, ya karatu, ya sanyin Irbid? Mu lafiya, amma hankalina a tashe yake.

Shekaranjiya wasu mutum uku suka zo da farar mota suka auna kwarinmu. Ko sallama babu. Haka aka yi wa gidan baffanka bara, bayan mako biyu taraktocin hukuma suka kife musu sha'ir yana kore shar, wai ƙasar ba tasu ba ce tunda ba takarda. Babanka ya rantse zai kwanta a gaban tarakta. Ka san ciwon zuciyarsa. Ko ƙarar mota na ji sai na leƙa waje.

Mahaifiyarka,
Wadha

11 ga Fabrairu

Ɗana,

Ina fatan kana lafiya. Jiya Yoram ya zo, Bayahuden nan mai rumfunan leda a tsallaken titi. Da na hango shi tulu ya kusa suɓuce mini.

Ashe tattasansa ke mutuwa. Ruwan rijiyar da suka haƙa mai zurfin nan ya koma gishiri, shi yake ta ɗiga wa shuka ta bututu. Ya ce wa babanka, "Abu Awwad, ni kullum ina ba su ruwa suna ƙonewa. Kai wa ke shayar maka da ɓaure?"

Babanka ya nuna masa katangun duwatsun da kakanka ya jera, masu tare ambaliya ta nutse a ƙasa. Ya ce, "Ku kuna tilasta wa ƙasa, mu muna jiranta."

Yoram ya ce, "Jira, jira! Ni sau uku nake girbi a shekara, kai wata shekarar ko buhu ba ka samu."

Suka yi ta musu har gahawa ta huce. Da zai tafi ya rage murya ya ce ya ji labari: ran Lahadi taraktocin za su zo. Tun jiya ban iya cin abinci ba.

Mahaifiyarka

16 ga Fabrairu

Awwad,

Ina gaishe ka. Sun zo, tarakta huɗu da 'yan sanda. Babanka ya nufi gaban ta farko, na riƙe rigarsa har ta yage. Sai ga Yoram ya gicciya motarsa a mashigin ɓauren, yana ta yi musu ihu da yarensu. Sun kife sha'ir ɗin gaba ɗaya, sun rusa katanga biyu. Ɓauren dai sun bar su, shi kuma Yoram suka tafi da shi ofishinsu, sai yamma suka sake shi.

Tun da suka tafi babanka yake ɗaukar duwatsu yana mayarwa, yana tsayawa yana dafe ƙirji. Sun ce za su dawo bayan Salla.

Na san za ka ce ga ka nan tafe. Na kuma san abin da za ka yi in ka ga gonar. Don Allah, don nonon da ka sha, kar ka zo.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Wadha