An Cire Habu Ana Shirin Wasan Jidda

Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Yaya mai ɗakinka da yara, yaya mutanen Kano? Mu nan Makka lafiya lau, sai ɓacin rai.

Maganar ɗanka Habu ce. 'Yan ƙwallon makarantarsu za su Jidda ranar Juma'a wasan ƙarshe na cin kofi, kuma ƙafar Habu ce ta kai su. Jiya ya dawo ya ƙi cin abinci. Ashe malamin wasansu ya cire shi, ya sa ɗan wani attajiri, yaron da in ya ɗan yi gudu sai haki.

Na rufe shago na sami malamin a filin ƙwallo, na ce, "Ustaz, me yaron nan ya yi?" Ko kallona bai yi ba, ya kira ni da sunan da suke kiran baƙar fata a nan, ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ya Takruni, ba ma kai baƙi gaban manyan Jidda." Baƙi! Yaron da aka binne cibiyarsa a garin nan!

To, su je. Mai tsaron gidansu hannunsa a kumbure yake, 'yan bayansu ba sa ga maciji da juna, a gaba kuma babu mai ci sai wanda suka kora. Abin haushin ma, Habu cewa ya yi zai bi motarsu ko ruwa ya riƙe musu. Na ce sai dai bayan raina.

Na san kafin alhazai su kawo maka takardar nan an gama wasan. Duk da haka a roƙi Inna addu'a: Allah ya sanyaya zuciyar Habu, su kuwa Allah ya sa an lallasa su.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Sani