Goje Ya Ci Abinci

Laraba da dare, unguwar Malaz

Alhamdulillahi, yau Goje ya ci abinci! Shi ne babba cikin ɓerayen da nake kiwo. A da ko motsi ya yi sai sauran su matsa. Yanzu ƙafafunsa na baya sun yi rauni, har Auta, ƙaraminsu, yana ture shi daga kwano.

Maman Ummi ta ce, "Baban Ummi, ka ware shi mana." Na ƙi, kaɗaici zai ƙarasa shi. Sai na sauko da kwanon zuwa ƙasan keji, na ƙara wani.

Da na dawo daga aiki a unguwar Ulaya, na tarar ya ƙoshi, Auta yana lasar masa kunne. Mulki dai ya tafi, amma ba a wulaƙanta mini tsohona ba.