Baba, Gwangwanin Shuninka Yana Wurina

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka sani. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma abin da ke cina ya fi ƙarfin in haɗiye, kuma sunanka ne a ciki.

Ka tuna alamar da kake sa wa buhunan riɗinka a sitonmu na Maigatari? Zobe ɗaya da layi uku a ciki, da shuni da tsinken kaba. Ina ƙarama na tambaye ka ma'anarta, ka ce: "Layin farko an sheƙe, na biyu an tankaɗe, na uku hannuna ya shiga har gwiwa." Ba ka taɓa zana ta a buhun da babu komai a ciki ba. Sai an cika, ka zura hannu, ka murza, sannan a ɗinke ka ɗauko gwangwanin shuni. In ka ji tsakuwa ko ɗaya, buhun ya koma hannun mata masu tankaɗe, ko da mota na tsaye direba na huci.

To Baba, ni na fara kawo maganar shafin intanet, ba zan ɓoye ba. Aikina ke nan, shi ka tura ni Kano na koyo, kana yi mini dariya wai na je birni koyon abin da kake yi da tsinke. Na ce wa Yaya Sani masu saye na nesa yanzu a waya suke fara duba mutum, ya bar ni in yi mana shafi in sa alamarka a kai. Ya ce aikin ya fi ƙarfin 'yar gida. Ni da na yi wa masu shaguna a Gumel tambari har na manta yawansu, a gidanmu ne na zama 'yar koyo.

Ya ɗauko wani kamfani daga Abuja. Ko tahowa ba su yi ba, Baba. Ba su ga sito ba, ba su taka Ɗanzomo inda kake saye a hannun manoma ba. Aka tura musu hoton alamarka, suka ce ta yi kama da zanen yara a bango. Suka yi mana sabon suna na Turanci da Inna har yau ba ta iya faɗa, da tambarin zangarniya mai ruwan zinariya. Zangarniyar alkama ce. Mutanen da za su tallata riɗi ba su san yadda riɗi yake a gona ba, kuma Yaya ya kalla ya ce ya yi kyau.

Wanda ya fi ƙona mini rai yana can ƙasan shafin, inda aka rubuta tarihin gidan. Da yake ba ka son hoto, sai suka tsinto wani dattijo mai farin gemu a intanet suka liƙa, yana murmushi a ƙarƙashin sunanka. Nan take na kira Yaya. Ya ce haka ake yi yanzu, wa zai gane?

Sai buhuna suka iso daga Kano, sababbi fil, kowanne da tambarin an riga an buga masa. Aka jibge su a sito, ba ƙwayar riɗi ko ɗaya a ciki amma duk suna ɗauke da shaidar inganci. Daga nan aka daina zura hannu, tunda buhun ya riga ya ce mai kyau ne.

Alhamis ɗin da ta wuce, ranar kasuwa, Elhaji Mamman na Damagaram ya zo. Abokin cinikinka da tun kafin a haife ni yake lodin buhunanka bai taɓa cewa a kwance masa ɗaya ba. Ina sito ranar. Yaya ya nuna masa shafin a waya yana ta washe baki. Elhaji ya daɗe yana kallon dattijon nan, ya ce shi dai bai san wannan bawan Allah ba. Sannan ya sa aka farke ɗinkin buhu. Ya zura hannu, ya fito da shi, ya buɗe tafinsa a gabanmu. Tsakuwa biyu, da ƙasa. Bai yi faɗa ba. Ya karkaɗe hannu, ya yi maka addu'a, ya wuce sito na gaba. Da ma zagi ya yi, da na fi samun sauƙi.

Yanzu Yaya ya tuna yana da ƙanwa. Jiya ya zo har gida yana lallami, wai in gyara alamarka a kwamfuta, a mayar da ita shafin, a kuma buga ta a buhu dubu a Kano, mutane su dawo. Ka ji fa, Baba. Bai ce a dawo da tankaɗe ba. Zoben yake so da layukan, a buhun da babu kowa a bayansa.

Na ce masa shafi zan yi, kyauta ma. Zan cire baƙon dattijon da alkamarsa, in je Ɗanzomo in ɗauko hoton riɗi na gaske. Amma alamarka ba za ta shiga inji ba. Ya ce ina da taurin kai, na ce gado na yi. Inna ta sa baki, ta ce in bi babba. Wannan ne karo na farko da na ce mata a'a, na shiga ɗaki na yi kuka.

Gwangwanin yana wurina, Baba, da tsinken. Shunin ya bushe, amma ruwa kaɗan yake so. Na faɗa wa Yaya duk ranar da ya naɗe hannun rigarsa ya zura hannu har gwiwa, ni da kaina zan kai masa sito in riƙe masa yana zanawa. Har yanzu bai kira ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya shirya mana Yaya, Ya sanyaya mini zuciya kada fushi ya raba ni da shi. In na yi kuskure ka yafe mini. Amma na ga hannun Elhaji a cikin buhunmu, kuma na gode wa Allah da ranar ba alamarka ba ce a jikinsa.

'Yarka,
Hadiza, wadda kake kira Uwata.