Liyarin Inna

Litinin, 7 ga Fabrairu, 2011

Council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe laburarenmu na unguwar Old Trafford, aikina ya tafi. Boiler mai ɗumama mana gida kuma ya zaɓi wannan makon ya mutu. Baban Zinatu ya ce azurfa ta yi tsada bana, in duba sarƙar liyarin da kakata Inna ta bar min. Wallahi sai dai mu kwana da riga uku-uku. Kuɗin azurfa ne guda tara, kowanne an buga masa 1780. Inna ta ce a bayan raƙumi suka ƙetaro hamada tare da kakanta.

Alhamis, 10 ga Fabrairu

'Yata Zinatu na tari, inhaler ɗinta na shaƙa ya kusa ƙarewa. Zan kai liyarin Birmingham a duba, don dai in rufe bakin mutane. Dubawa kawai.

Juma'a, 11 ga Fabrairu

Na goge su da toka da lemun tsami yadda Inna take yi kafin biki. Sai ƙyalli, tubarkalla.

Asabar, 12 ga Fabrairu

Tsohon da ke da shagon azurfar da na je a Birmingham, Mista Bartholomew, yana ganinsu ya dafe kai. Wai wa ya goge? Na ce ni, ko da datti zan kawo masa? Wai masu tara tsofaffin kuɗi wannan baƙin suke saye, ga shi kuma an huda su. Bai tsaya nan ba. Wai duk liyarin duniya 1780 ake buga masa ko yaushe aka yi shi, kuma nawa sun yi kama da waɗanda aka buga bayan yaƙin duniya na biyu, wataƙila ma a nan Birmingham, tafiyar minti goma daga shagonsa. Nauyin azurfar kawai zai biya.

Na ce, “Kakata ba ta ƙarya.”

Ya ce, “Wataƙila ita ma haka aka gaya mata.”

Na kwashe kayana. A cikin jirgin ƙasa na yi kuka, na haushi ne, ba na komai ba.

Lahadi, 13 ga Fabrairu

Ina ruwan Bature da kakata!

Talata, 22 ga Fabrairu

Mai gyara ya zo jiya, gida ya yi ɗumi, Zinatu ta yi barci ba tari. Sarƙar ta ɗan gajarce, amma ta fi zama daidai a wuyana. Baban Zinatu ya buɗe baki zai yi godiya, na harare shi ya haɗiye. Ni ban sayar da gadon Inna ba. Guda huɗu dai na mayar garinsu.