A Sauko Mana da Madubin Ƙasa

Zuwa ga Shugaban Kwalejinmu,
Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Balkisu, ɗalibar aji uku a sashen Ilimin Halittu. Daga Nahuce nake, a ƙasar Bungudu. Ina da shekara huɗu shan inna ya kama ni, tun daga nan ƙafafuna ba su sake ɗaukata ba, da keken guragu nake zuwa makaranta. Sau biyu ina kai takarda ofishinka ta hannun sakatare, ban ji amsa ba, shi ya sa na rubuta wannan a fili. Kuma ba don kaina kaɗai ba. Akwai wani dattijo da aikinsa ke tangal-tangal saboda ni.

Na ɗaya, inda nake ɗaukar darasi.

Ɗakin gwaje-gwajen sashenmu a saman bene yake, matakala ashirin da uku tsakanina da shi. Sau ɗaya na taɓa hawa, ina aji ɗaya. Na bar kekena a ƙasa, na riƙa jan jiki da hannu, hijabina yana share matakalar, ɗalibai suna raɓewa suna kawar da kai don kada in ji kunya. Kafin in isa darasi ya yi rabi. Na tarar teburan sun fi ƙarfina, kujerun kuma dogaye ne, marasa majingina. Wajen saukowa hannuna ya gurɗe, na yi mako biyu ban iya juya keke ba. 'Yan ajinmu maza sun ce za su riƙa ɗaukata, na yi musu godiya na ce a'a. Ni mace ce baliga, kuma kai uba ne, ka san dalilina.

Tun daga nan gindin dogon-yaron da ke ƙarƙashin tagar ɗakin gwajin ya zama ajina. Ƙawata Hadiza, 'yar Tsafe, takan kira ni a waya ta ajiye ta a kan tebur. Ina jin malami yana cewa a ɗora a kan madubi, a juya, a duba. Sai ɗakin ya yi tsit. Can sai in ji ana 'yan gunaguni na mamaki, wata ta yi dariya a hankali. A wannan shirun nakan rufe ido in ƙirƙiro wa kaina abin da suke gani. Wani lokaci in ga wasu halittu masu haske suna iyo a hankali kamar kifi a ruwan rafi. Wani lokaci in ga kamar taurari ne aka zuba a cikin ƙwarya. Iska na kaɗawa, ganye na faɗo mini a kan littafi, har sai kiran ya yanke in buɗe ido in ga bango.

Da zanen littafi na yi shekara uku. A jarrabawar rubutu ban taɓa faɗuwa ba. A ta gwaji kuwa, sau biyu ana rubuta mini cewa ban halarta ba, alhali ina nan ƙasa, mai gadi ma shaida ne.

Na biyu, abin da Malam Isiyaku ya yi.

Malam Isiyaku shi ne mai kula da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Dattijo ne mara yawan magana, kullum ya zo wucewa sai ya tsaya mun gaisa. Ranar wata Laraba da hantsi, a watan da ya wuce, bayan an tashi darasi, sai na gan shi yana saukowa a hankali, rungume da madubin likita, wanda ake duba ƙananan halittu da shi. Hadiza na biye da shi da ɗan benci. Ya ajiye madubin a gabana, ya karkata shi ya kamo hasken rana, ya ɓare wata siririyar fatar albasa ya ɗora. Sannan ya ce, "Ɗiyata, matso ki duba da idonki."

Ranka ya daɗe, da farko fari fat kawai na gani. Ina juya abin a hankali sai ga ƙwayoyin halittar albasar sun fito, jere reras, kowace da katangarta da ɗan ɗigonta a ciki. Ba su yi kama da taurari ba, ba su yi kama da kifi ba. Fangalin albasar Babana na gani a fadama, yadda yake tsara su da rani ya sako musu ruwa. Ashe albasar da nake yankawa tun ina ƙarama tana ɗauke da gonarta a cikinta. Daga nan ya ɗiga ruwan kududdufi. Wata 'yar halitta ta ratso hasken, ta tsaya kamar mai tunani, ta juya ta wuce abinta. Ban san hawaye na zuba ba sai da gilashin ya dushe.

Duka-duka bai kai rabin awa ba. Ya goge madubin, ya mayar da shi inda ya ɗauko, babu abin da ya same shi.

Na uku, abin da ya biyo baya.

Ranar Litinin aka ba Malam Isiyaku takardar tuhuma, wai ya fitar da kayan makaranta ba da izini ba. An karɓi makullan ɗakin daga hannunsa, an ce ya jira zaman kwamiti. Shi bai gaya mini ba, a bakin Hadiza na ji. Da na tare shi ina ba shi haƙuri, murmushi kawai ya yi ya ce in mayar da hankali a kan karatuna. Saura shekara biyu ya yi ritaya. Na san doka doka ce, kuma na san kayan nan ana tsoron ɓatansu. Amma madubin nan don ɗaliban sashenmu aka sayo shi, ni kuma ina cikinsu. Madubin bai bar harabar makaranta ba. Daga saman bene zuwa gindin bishiya ya je, ya koma.

Mu huɗu ne masu lalurar ƙafa da muka shigo tare. Biyu sun daina zuwa, ba wanda ya kore su, gajiya suka yi. Ni abin da ya riƙe ni shi ne nakan hango kaina a makarantar 'yan mata ta garinmu, yara sun yi layi, kowace ta sunkuya ta duba madubi, ta ɗago tana kallona. Ban san yadda zan koya musu abin da sau ɗaya kawai aka bari na gani ba.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu:

1. A janye tuhumar da ake yi wa Malam Isiyaku, a mayar masa da makullansa. In akwai laifi, a tambaye ni, zan zo gaban kwamiti, in dai a ƙasa zai zauna.

2. Akwai ɗaki a ƙasan benen, kusa da ofishin sashe, da aka cika da karyayyun kujeru. A kwashe su, a sa tebur ɗaya daidai tsayin mai keke, a ba da izini a rubuce a riƙa sauko da kayan gwaji. Wannan ba ya buƙatar gini.

3. A gyara sakamakona guda biyu da aka ce ban halarta ba, a ba ni dama in yi jarrabawar kamar kowa. Ba maki nake roƙo ba.

4. Ƙofar ɗakin karatu da ta makewayin mata a yi musu gangare na siminti. Sabon ginin da ake yi kuma, kafin a gama shi, a kira ɗaya daga cikinmu ya gwada shiga.

Jarrabawar gwaji ta ƙarshe saura mako uku. In na sake rasa ta, ba zan fita tare da 'yan ajinmu ba, kuma Baba ya riga ya gaya wa mutanen gari cewa bana ɗiyarsa za ta gama. Ranar zan iso tun ƙarfe bakwai, da alƙalamina da katin shaidata. Ina roƙonka, in an zo kiran suna, ka sa wani ya leƙo ƙasa kafin a rubuta cewa ban zo ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya yi riƙo da hannunka a kan wannan amana, Ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Balkisu, aji uku, sashen Ilimin Halittu.